Komin Ruwan Ƙofar Gida

Baba,

Assalamu alaikum. Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma miƙo mini za ka yi in karanta maka, tunda ni ka kai lakwal, makarantar boko.

Gida lafiya. Inna tana nan, ƙafar ce dai ta ƙi barin ta. Ƙanwata Hadiza ta sauka, namiji, an sa masa sunanka. Damina ta sake cika mana layi da ruwa kamar kullum.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Komin siminti da ka gina a ƙofar gida domin dabbobi su sha ruwa sadaka, jiya na zubar da ruwansa, na cika shi da yashi.

Ka san aikina, ko da yake kana ce mini likitan awaki kana dariya. Ni ba likita ba ne, rakiya nake yi wa likitocin dabbobi ina musu tafinta. Da suka zo binciken ciwon nan da ke kashe tumaki da awaki duk gabanin Layya, mai sa majina da zawo da ƙuraje a baki, ni na shiga da su gida-gida a Zongo. Mu goge hancin dabba da auduga, mu sa a kwalba, a kai ɗakin gwaji. Sai tambaya: ina ta kwana, ina ta yi kiwo, ina ta sha ruwa? Duk amsar da aka ba mu, sai mu ja layi a kan taswira. Mun bi ragon da aka sayar har unguwar Kégué, mun bi wani har Baguida.

Baba, layukan nan kusan duka a ƙofar gidanmu suka haɗu. Kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke raguna daga arewa, sun kwana biyu ba ruwa, ina dillali zai kora su in ba kominka ba? A cikinsu akwai mai ciwon da bai nuna ba tukuna. Su cusa kai su sha, suna atishawa a fuskar juna. Kafin su gama awakin unguwa sun kutso cikinsu, kowace ta sha ta koma gida da abin da ta ɗauko. Babbar likitar, wata 'yar ƙabilar Ewe mai kirki, ta ɗora yatsa a wurin ta tambaye ni ko na san mai shi. Na ce na san shi.

Wannan tun kafin ka kwanta ciwo ne. Sau nawa ka tambaye ni yaya aiki na ce lafiya lau? Ranar da ka riƙe hannuna ka ce kada in bar komin nan ya bushe, shi ne guzurinka, na riga na sani. Na ce to. Me zan ce wa mutumin da ko kofin ruwa ba ya iya ɗagawa? In ce masa sadakarsa ce ke raba ciwo gida-gida?

Na cika alkawari shekara guda. Kullum da safe in wanke shi tas in buɗe famfo, ina ruɗin kaina cewa wanki zai isa. Bai isa ba, tunda daga hanci zuwa hanci abin yake bi. Satin da ya wuce Iya Salamatu, mai ƙosan bakin masallaci, ta rasa awakinta duka huɗu. Har gida ta zo ta roƙe ni in duba mata ta ƙarshen kafin ita ma ta mutu, tana ta sa mini albarka. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, domin na san inda awakin suka sha ruwa, kuma ni na zuba shi.

Inna ba ta yi mini magana tun jiya. Ta dai aiko Hadiza ta gaya mini cewa na yanke maka lada. Ban je wurin malam na tambaya ba, don duk amsar da ya ba ni ba zan buɗe komin ba. Famfon na bar shi, kowa ya zo da bokitinsa ya ɗiba wa tasa dabbar, ya kai mata gida. Ko ladan bokiti yana kai na komi? Allah ne Ya sani, kai ma wataƙila yanzu ka sani.

Yau da hantsi wata akuya ta zo ta sa kai, ta tarar da yashi, ta tsaya tana dubana. Ban ba ta ba. Na kora ta gida.

Na ce maka to, na kuma saɓa. Ka yafe mini, Baba. Sai mun zo.

Ɗanka,
Sani, likitan awaki