Gudun Da Baba Ɗantsoho Bai Yi Ba

Goggo Tabawa, don Allah ki taimake ni, ki karanta wagga takarda har ƙarshe kafin ki zage ni. Allo kaɗai na yi, boko a waya na tsince shi, a yi haƙuri da rubutun.

Ni mai gyaran wayar mota ne a tashar Jega, kuma kowa ya san ni da tsokana. Ni ne na taɓa ɗaura wa kamasho wutsiyar tsumma ya yini yana kiran lodi da ita.

Bara wata bas ta Alhaji Waliyyu ta kife da mutane kusa da Aliero saboda gudu. Sai Alhaji ya sa anka liƙa wa motocinshi huɗu wata 'yar na'ura ƙarƙashin sitiyari, ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Hanyar da mota ta bi da gudun da ta yi, duk tana kai rahoto ga kwamfutar ofis. Doka ita ce, direban da ya wuce tamanin sau uku ya aje makulli. Ni na kama wa mai ɗaurawa aiki, kuma na ji ya ce tana da ɗan batirinta, ko an cire ta sai ta yini tana aiki.

Cikin direbobin akwai Baba Ɗantsoho. Shekara talatin shina bin hanyar Maiyama, ko kaza bai taɓa takewa ba, don ko kazar ta fi shi sauri. Shi ne kuma ladanin masallacin tasha. Ga wa'azi kamar rediyo. Ran nan don na ɗaga tayar babur ɗina sama, ya kama kunnena gaban masu fura ya murɗe, mata na dariya. Na ce to, Baba, za mu haɗu.

Ranar kasuwa da safe, shina shan koko, na zare na'urar motarshi na sa aljihu. Da ya tashi da lodi na hau babur, na wuce shi tun kafin gada, na murɗa totur har maleji ya kai ɗari da goma. Na jira shi Maiyama ina cin tsire, na dawo bayanshi, ya shiga kiran salla na mayar da ita. Kasuwa uku ina haka.

Wallahi Goggo, da kin ga fuskarshi sa'ad da anka nuna mishi takardar rahoton gudun a ofis, ke ma sai kin dara. Ni iyakar abin da nake so ke nan. Amma tsohon sai ya ce a kawo Alƙur'ani. Ni na miƙa mishi butar alwala. Ya dafa, gaban duk tasha, ya rantse bai taɓa wuce saba'in ba. Alhaji ya ce na'ura ba ta da maƙiyi, ba ta san ƙarya ba. Anka amshe makulli.

Ni na sa mishi suna Baba Jirgi, sunan kuwa ya kama. In ya gitta, 'yan kabu-kabu su buɗe hannuwa suna kukan jirgin sama. Bayan wata guda ƙafarshi ta kumbura. Matarshi Inno ta ce ciwon suga ne, ya daɗe da shi, amma wa zai ji? Gari ya ɗauka rantsuwa ce ta kama shi. Anka ba wani kiran salla. In ya tsaya sahun gaba sai na kusa da shi ya ɗan ja jiki. Yanzu ya koma ƙauyensu Kashin Zama, ba ya fitowa.

Da azumi ya matso, lokacin da kowa ke neman yafiyar kowa, na kai mishi kankana. Na ce Baba, duk abin da na yi maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, ka yafe mini. Ya riƙe hannuna ya ce ya yafe duniya da lahira, wai duk tasha ni kaɗai na tako. Har ya ce wataƙila tsufa ne, ya yi gudun bai sani ba, shina ta istigfari kan rantsuwar.

To Goggo, tunda ya furta da bakinshi, ai na fita ko? Me ya sa in na ɗauki Alƙur'ani zan yi tilawa sai hannuna ya yi nauyi? In sadaka ce ki faɗa mini ta nawa. Amma kar ki ce in tona, 'yan tasha ba za su bar ni da haƙora ba.

Naki, Mai Tsokana, Jega.

Amsa

Ɗana Mai Tsokana, na karanta har ƙarshe, kuma ban dara ba.

Bari in ba ka naka. Murɗe kunnen baligi a gaban mata ba daidai ba ne, kuma na yarda ba ka nufi abin ya kai nan ba. Alhaji ma da nasa laifin. Na'urar alheri ce, rayuka take tsarewa, amma inda take kawai ta sani, ba ta san aljihun wa take ba. Da ya tambayi fasinja biyu kafin ya zubar da shaidar shekara talatin, da ba a kai nan ba.

Sauran duk naka ne. Ka ji rantsuwa ta gaskiya, kai ka miƙa buta, ka yi shiru. Daga nan wasa ya ƙare. Sunan da ka laƙaba masa bayan haka mugunta ce tsagwaronta.

Yafiyar da ka karɓo kuwa sata ce ta biyu. Ya yafe wa yaron kirki mai kankana, bai yafe wa wanda ya zare na'ura ba, domin bai san da shi ba. Ka bar dattijo yana tuba daga zunubin da bai yi ba, har ya fara ƙaryata kansa. Babu sadakar da za ta wanke wannan.

Ga abin yi. Ka fara da Kashin Zama, ka faɗa masa komai a gaban Inno, kar ka roƙi yafiya a ranar. Sannan ka sami limamin tasha ya tsaya kusa da kai, saboda haƙoran naka. A tara Alhaji da direbobi a daidai wurin da aka yi rantsuwar. Ka zare na'urar a gabansu, ka hau babur ka je Aliero ka dawo, mota tana tsaye, su ga abin da kwamfuta za ta ce. Ka gaya wa Alhaji ya sa a rufe na'urorin yadda hannu ba zai kai ba. Ko ƙafar Baba ba ta bar shi ya koma tuƙi ba, a mayar masa da kiran sallarsa.

Za a sa maka suna, wataƙila ka rasa aikin tasha. Ka ɗauka. Shi ya ɗauki nasa wata da watanni ba da hakkinsa ba.

Kuma ka hanzarta. Mai ciwon suga da kumburin ƙafa ba ya jiran ka gama shawara. In ya rasu a haka, da sunan mai rantsuwar ƙarya za a binne shi, kai kaɗai ka san gaskiya, kuma babu sauran wanda za ka kai wa kankana.

Allah Ya ba shi lafiya, kai kuma Ya ba ka ƙarfin zuciyar tafiya gobe da safe.

Goggo Tabawa