Najil Mai Ciki

Daren Laraba, unguwar Hindawiyya, Jidda

Hannuna na ƙarnin kifi, raina a ɓace. Yau kafilina, wato maigidana Abu Salim, ya shigo da kifayen najil a ɓoye, ya ce in feɗe. Duk cikinsu ƙwai, ga shatin raga a wuyansu. Ya san sarai an hana kama su a wannan lokacin.

Na kira shi kawu da Larabci, na ce, "Ya ammi, ragar nan ba ta barin uwa balle ɗa."

Ya ce, "Halas, ya isa haka! Yalla, yi sauri! Teku ba ta ƙarewa."

Wai ba ta ƙarewa! Haka masunta ke faɗa a garinmu, har kogi ya koma ruwa zalla, Baba ya rataye ragarsa. In ba don haka ba, uban me zai kawo ni Jidda feɗe kifin wani?