Wanzami zai zo ran Juma'a, maigidana kuwa bai san ciwonsa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ba mai yawan karatu ba ce, ku yi haƙuri da rubutuna.

Daga Dakoro nake, shekarata goma sha tara da maigidana. Tun bayan girbi cikinsa ke kumburi, idonsa ya yi ɗorawa, tuwo ma loma biyu ya ture kwano. Muka kai shi Maraɗi aka yi ekogarafi, wato hoton ciki, da analiz na jini, lokotoro ya kira ni da wan maigidana, Yaya, shi maigidan aka bar shi kan benci a waje. Ya ce kansar hanta ce. Da ƙarama ce da an yanke wurin, amma ta bazu, hantar kuma ta riga ta lalace. Ko an je Yamai, magani ne kawai mai ɗan jinkirta ta. Abin da ya rage a rage masa zafi, a riƙa zuƙe ruwan cikin. Ya kuma ja kunnenmu kada a tsaga shi ko a ƙona, jininsa ba ya tsayawa yanzu.

Kafin mu fito Yaya ya sa na yi alkawari ba zan faɗa masa ba, wai a gidansu ba a gaya wa majinyaci irin wannan, zuciya ke kashe shi. Muka ce masa ruwa ne ya taru.

To Baba, surukina, ya ji kalmar ruwa, ya ce ai ya san maganinsa. Zamanin Nasara yana yaro ya ga an yi wa kawunsa sakiya, wanzami ya gasa ƙarfe ya huda cikin, ruwa ya fita, mutum ya tashi har ya yi noma. Ya aika garin Korahane a kira wani wanzami, Juma'a zai zo. Na roƙi Yaya ya hana, ya ce ba zai iya musu da tsoho ba, ni ma in kama bakina.

Maigidan sai murna yake. Jiya ina dama masa kunu ya ce, “Uwar gida, ki ware mini irin gero, bana da kaina zan yi shuka.” Na ce to, na shiga madafa na yi kukana.

In na yi shiru ƙarfen nan zai iya ƙarasa shi. In na faɗa na karya alkawari, na kuma ƙwace masa ɗan abin da yake riƙe da shi. Na san ko ta ina rasa shi zan yi. Yau Laraba. In gaya masa, ko in bar su?