Katin da Ya Buɗe Fuska a Rumbun Hotuna

Zuwa ga Shafkat, sanyin idona, inuwar mangwarona a tsakiyar zafin garinmu Rajshahi, iskar kogin Padma mai shigowa ta tagata bayan la'asar, wanda har yau bakina ya kasa kiransa da wani suna in ba masoyi ba.

Ka tuna ranar da muka zauna a bakin kogi muna cin fuchka, soyayyar fulawar nan mai rami a ciki, a faranti ɗaya, ruwan tsamiya na bin yatsunka? Ka miƙo min wayarka kana ƙorafi a kan shafin intanet ɗin da na gina wa shagon silikinku. Wai hotunan zannuwan sari suna fitowa tsaf a rumbun ajiya, amma takardu duk kamarsu ɗaya, farin akwati kawai, sai mutum ya buɗe goma kafin ya dace da wadda yake nema. Ka ce wa zai gyara in ba gwanar Rajshahi ba. Ni kuwa sakarya, kaina ya kumbura, na koma gida ina murmushi ni kaɗai a cikin keken haya.

Kwana huɗu na yi a kansa, rabin raina. Na koya wa shafin kada ya yarda da sunan da aka laƙaba wa fayil, ya leƙa cikinsa ya gane ko hoto ne ko takarda, in takarda ce ya ɗauko shafinta na farko ya nuna shi ɗan ƙarami. Jiya da hantsi na danna, fararen akwatuna ɗari uku suka shiga buɗe fuska ɗaya bayan ɗaya kamar furannin bado a tafki. Ina ta murna, har na ɗauko waya in kira ka. Sai ga wani ja mai ruwan zinare, wanda ka sa wa suna "sabon zane 14". Bai kai faɗin tafin jariri ba, amma na karanta sunanka, na karanta Rumana, na karanta sha tara ga wata. Katin ɗaurin aurenka!

Shafin yana rubuta ranar da aka ɗora kowane fayil, hasken idona. Wata biyu ke nan da ka ajiye shi can don mai ɗab'i ya sauke. Wato ranar da kake lasar tsamiya kana yabona, katin yana kwance a cikin wayar da ka ɗora a tafina. Mantawa ka yi? Ko kuwa ka tuna sarai, ka rasa bakin faɗa min, ka sa ni in tono shi da hannuna? Wanne ne zai fi min sauƙi? Na juya su duka biyun, kowanne ɗaci gare shi.

Ban goge shi ba. Ban faɗa wa mahaifiyata Amma ba, wadda har yanzu take ware maka wainar pitha duk ranar da ta soya. Kwana tara ya rage. Ba na roƙon ka fasa, na fi ƙarfin wannan roƙon, ko da yake zuciyata tana yin sa a ɓoye. Ka zo bakin kogi ranar Juma'a bayan la'asar, ka dube ni, ka faɗa min da bakinka. Abin kunyar shi ne, in ka ce ƙarya ne, wallahi zan gaskata ka in ƙaryata aikin hannuna. Na koya wa na'ura kada ta yarda da suna, ni kuwa na kasa koyo.

Aikin da ka sa ni ya kammala. Duk takardunka sun nuna fuskarsu, saura kai.

Taka jiya, taka yau, taka har bayan sha tara ga wata,
Tahmina