Cikon Da Na Zuba A Makarantar Kawu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk mai niyyar zagina ya bari in kai ƙarshe tukuna, don wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni direban tifa ne, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Gummi. Ƙanen mahaifiyata, wanda nake kira Kawu, shi ya fito neman kujerar Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma yanzu zaɓen fid da gwani ake jira. Kun san wannan zaɓen ba namu ba ne mu talakawa, na daliget ne. To daliget ɗin mazaɓarmu suka ce su wannan karon ba shinkafa da atamfa suke so ba, a gina wa yaranmu Islamiyya, sun gaji da ganinsu a gindin darbejiya. Kawu ya ce an gama. Ni ya ba aikin kawo yashi, ni kuwa har wani ɗaga kafaɗa nake yi a tasha.

Gini ya tashi, an yi rufi, saura ciko a cikin azuzuwa kafin a yi daɓen siminti. Sai aka matso da ranar zaɓe. A makon nan kuma 'yan bindiga suka tare hanyar gulbin da muke ɗebo yashi, suka tafi da wani abokin aikina. Wallahi tsoro ya kama ni, ga mutanen Kawu suna ta kirana a waya. A bayan gari akwai inda masu zinari ke niƙa dutse su wanke, su zubar da garin, ya taru tuli guda, fari-fari mai laushi kamar toka. Nan na juya kan mota, na ɗebo shi na zuba a azuzuwan.

Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani. Shekarun baya da gubar dalma da ke cikin irin wannan garin dutsen ta riƙa kashe yara a ƙauyukanmu, da likitoci suka sa aka kankare ƙasar gidaje, ina cikin waɗanda suka kwashe ta da mota. Na ga uwaye riƙe da yara suna sanƙarewa. To me ya shiga kaina? Cewa na yi ai siminti zai rufe, wa zai taɓa ta? Sai simintin bai iso ba. Mutanen Kawu suka ce a shimfiɗa tabarmi a buɗe haka nan, a ɗauki hoto da daliget, daɓe sai bayan zaɓe. Ina tsaye aka yanka rago aka yi addu'a, har da ni a masu cewa amin.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wanda na yi bayan nan. Ɗiyata Hafsi ba ta kai shiga firamare ba, tana cikin 'yan ajin ƙanana. Na ce wa uwarta kada ta ƙara tura ta, wai ta yi ƙanƙanta. Tawa na cire, na bar na mutane. Wane irin mutum ne ke yin haka?

Rannan malamin makarantar ya tsayar da ni a ƙofar masallaci yana ta sa mini albarka. Ya ce, "Ƙasag ga da ka kawo muna, Allah shi yi ma albarka. Laushi gare ta, yara da ita suka goge allunansu." Na yi dariyar yaƙe. Ba a jima ba Zainabu ɗiyar maƙwabcina, ƙawar Hafsi, ta fara amai da ciwon ciki, sai kuma ta faɗi tana fizge-fizge. Uwarta ta ce iska ce. Aka je wurin malam ya yi mata rubutu, a kan allon makarantar nan, aka wanke aka ba ta ta sha. Ina ji ta katanga ana lallashinta ta shanye.

Na kasa daurewa, na tafi Gummi na sami Kawu a gidan da yake ganawa da daliget. Na ja shi gefe na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Wa kag gaya ma bayan ni?" Na ce babu. Ya ce, "To bar shi hakanan. Ana gama zaɓe ni da kaina za ni sa a kwashe. In maganag ga ta hita yanzu, abokin takarata cewa zai yi na kashe ɗiyan mutane. Kuma ka tuna, ba ni na tuƙo motar ba." Ya dafa kafaɗata ya koma cikin baƙinsa yana murmushi.

Na je wurin Inna, mahaifiyata, ko za ta yi masa magana. Ta ce, "Kai ɗan nan, ƙanena kaka so ka tozarta? Kwana nawa ya rage? Yi kurum." Sai ga shi jam'iyya ta ɗage zaɓen, kuma har yau ba a sa sabuwar rana ba. Yara kuwa kullum suna can zaune. An ce wani yaron ma ya fara irin ciwon Zainabu.

Na san mutanen garinmu. Akwai waɗanda suka binne 'ya'yansu a wancan karon. In suka ji ni na zuba, ban san ko zan kai ofishin 'yan sanda da raina ba. In na je na kwashe a ɓoye, dole a tambaye ni dalili. In na yi shiru, me zan ce wa Allah?

Jiya motata ta lalace na dawo gida da wuri. Na iske Hafsi a zaure da ɗan hijabinta, allo a hammata, tana cin ƙosai. Tafin hannunta fari fat da ƙurar nan, har gefen bakinta. Ashe duk ranar da na fita uwarta sai ta tura ta. Da na daka wa uwar tsawa, sai ta ce, "Ɗiyan kowa na karatu, tawa kaɗai za ta zauna gida? In da wani dalili, gaya mini." Sai kawai na ja Hafsi na wanke mata hannu da baki.

Yau da safe Hafsi ta ƙi karyawa, ta ce cikinta na ciwo. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?