Karen da Ya Rasa Na Gaba

Malaz, Riyad
Maris, 2014

Zuwa ga Kawu Talle,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Gogo da yara.

Kawu, don Allah kar ka yi dariya. Ni da na zo tuƙin mota, an haɗa ni da kare. Na 'yar kafil ɗina ne, wato maigidan da nake zaune a ƙasar nan da sunansa. Tun da ta tafi karatu waje karen ya birkice: haushi ba dare ba rana, fitsari a bakin ƙofa, shekaranjiya har ya yaga wa baƙo jallabiya. Maigida ya ce in wata ya ƙare bai gyaru ba, a kai shi sahara a yar. Ni fa zan kai shi! Kai da ka tsufa cikin karnukan farauta, ka taimake ni. Wallahi tausayi yake ba ni.

Ɗanka,
Uwais

Gumel

Uwaisu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Gogo na gaishe ka. Dariya kam na yi ta har da tari.

Karen nan ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Wadda yake bi ta ɓace, ya duba gidan bai ga na gaba ba, sai ya ɗora wa kansa gadin da ba zai iya ba. Kuma na san halinka: yana matsowa kana tsalle baya, kana tattare riga kar yawunsa ya ɓata maka kayan salla. Shi kuwa gani yake kai ma a tsorace kake. To wa zai bi?

Ka ware tsohuwar riga domin shi kaɗai. Ka riga shi fita ƙofa, ka yi gaba abinka. Ban da tsawa, ban da lallashi in yana kyarma. Lokacin salla ka wanke, ka canza. Ai ruwa bai ƙare a Saudiyya ba.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka

Malaz

Kawu,

Ina gaisuwa. Maganarka ta ci! Yanzu a bayana yake tafiya, in na tsaya ya tsaya. Haushin ya ragu, sai dai in an buga ƙararrawa. Maigida bai ce komai ba tukuna. A taya mu da addu'a.

Uwais

Malaz
Afrilu, 2014

Kawu, barka da war haka.

Maigida ya ce “khalas”, wato magana ta ƙare, wai matarsa ta gaji. Jiya na kai shi can bayan unguwar Nasim, inda gidaje suka ƙare. Na buɗe masa mota ya sauka. Na juya zan tafi, sai ga shi a bayana, ba haushi, ba kyarma, yana jiran in yi gaba.

Yana ɗakina yanzu, ba wanda ya sani. In aka gane, aikina ya tafi.

Kawu, kai ne ka koya mini yadda zan sa ya bi ni. Yanzu yaya ake hana shi bi na?

Ka huta lafiya.
Uwais