Wankin Ƙafar Alhamis

Kazaure, Lahadi kafin Ista

Zuwa ga matata Sophia, Maman Justice,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Mama? Yaya Justice da makaranta? Ina fata sanyin Fankshin yana yi muku daɗi, mu nan ko fanka wuta take hurawa.

Albishirinki! Fasto ya tafi Kano jinyar ido, dattawa sun ɗora mini shirya sujadar makon Ista. Kin san 'yar ikilisiyarmu ta ɗarikar Menonait ba ta da komai sai littafin waƙar nan da bangonsa ya cire. To mijinki bai zauna ba. Na shiga intanet na tono tsarin sujada na wata ikilisiya a Kanada, har da addu'ar kowace safiya, na mayar da su Hausa, na buga a wani shago kusa da tasha. Wanda ya fi burge ni shi ne na wankin ƙafa ranar Alhamis. Za a jera benci a zagaye, kowa ya wanke ƙafar wanda ke damansa, ba babba ba yaro, ba mace ba namiji. Kai, abin gwanin sha'awa!

Baba Yakubu, dattijon nan na wajen Roni da rabin 'yan majami'armu duk 'ya'yansa ne da jikoki, ya fara gaya mini yadda suka saba yi. Na ce ya huta, bana sabon abu za a gani. Ki taya ni da addu'a.

Naki har kullum,
Manasseh

Kazaure, Juma'a

Maman Justice,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da yaro. Jikina lafiya, amma na yi abin kunya, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Jiya da yamma na jera bencin kamar yadda takarda ta ce. Mutane suka zazzauna suna kallon juna. Lydia, amaryar ɗan Baba Yakubu, ta makara wajen ɗebo mana ruwa, da ta shigo wuri ɗaya ya rage, a daman surukinta. Ta tsaya cak. Mama Tasalla, shugabar zumuntar mata, ta yi gyaran murya ta miƙe za ta musanya da ita. Ni kuwa, gwanin kaina, na ɗaga hannu daga gaba na ce kada kowa ya motsa, a gaban Ubangiji duk ɗaya muke, haka manyan ikilisiyoyin duniya suke yi.

Sophia, tun da nake nan Ista a gida Fankshin nake yi, ban taɓa ganin yadda suke nasu wankin ƙafar ba. Ashe maza bayan majami'a suke zuwa, mata a ciki. Ashe yarinyar nan ko sunan surukinta ba ta faɗa, ba ta cin abinci a gabansa, in ta hango shi a hanya ratsewa take.

Da daro ya iso gabansa, tsohon ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Sai ya cire hula, ya dafa benci ya durƙusa da ƙyar, ya kau da fuska gefe, ya lalubo ƙafarta ya wanke.  Ita kuwa ta rufe fuska da mayafi tana kuka ba sauti. Waƙar da ake yi ta mutu a bakin mutane, ni kaɗai na rage ina rerawa. Yana gamawa ta fita a guje, takalmanta ma ni na tsince su.

Yau na ji ta kwana gidan Mama Tasalla, ta ce ba za ta iya komawa gidan da za ta haɗa ido da shi ba. Mijinta ya aiko cewa kada a jira su ran Lahadi. In gidan Baba suka janye, Fasto zai dawo ya tarar da benci ne kawai, kuma ni na yi. Abinci ma ya ƙi shiga. Gobe zan hau mashin in je Roni.

Naki,
Manasseh

Kazaure, Litinin bayan Ista

Maman Justice,

Barka da Ista, ke da Mama da Justice. Na gode da kiranki, ban ɗauka ba ne don ban san da wane baki zan yi magana ba.

Na je Roni ran Asabar da takalman Lydia a leda. Na durƙusa a zaure na ba da haƙuri. Da Baba ya zage ni da na ji sauƙi. Ruwa ya sa aka kawo mini, ya tambaye ni lafiyarki, ya ce laifin nasa ne da ya tsufa bai san ci gaban da aka samu ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama Tasalla ce ta rako Lydia gida da la'asar, ta wuce ni a ƙofa ko kallo ban samu ba.

Jiya na tsaya a gaba ina kallon rabin majami'a wayam. Mun shiga waƙa ta biyu sai na ji ƙarar babura. Sun zo, Sophia, duka gidan. Lydia ce ta shigo ƙarshe, ta zauna bayan ƙofa, sanye da safa mai kauri a wannan zafin. Babu wanda ya yi dariya. Na ajiye takardun Kanada, na roƙi Mama Tasalla ta ɗauko mana waƙar da suka saba.

Da aka tashi Baba ya same ni a inuwar darbejiya. Ya ce ya ji akwai bikin Fentikos a gaba, in na samo sabon tsari, don Allah in fara zuwa zaurensa in karanta masa, don ya san inda zai zaunar da iyalinsa. Ba gatse yake yi ba, da gaske yake roƙona. Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona. Mutumin da tun da na san shi silifa kawai yake sawa, sai ga shi shi ma da safa.

Ki gaida Mama. Ki sa ni a addu'a, ki sa Lydia kafin ni.

Mijinki,
Manasseh